Danshi a Gindin Katangar Hajaratu

Talata, 22 ga Fabrairu, 1994, ƙarfe biyar na yamma

An kawo ruwa yau, amma famfonmu sai tari yake yi kamar tsoho mai shan taba. Bokiti ɗaya ya ci mini rabin awa. Na ce to, unguwarmu Sintali ke nan, ruwan da ake ba mu Talata da Juma'a ma an fara yi mana rowarsa. Sai da na zagaya shanya kaya na ga inda ruwan yake tafiya. Gindin katangar da ta raba mu da maƙwabciyata Hajaratu ya jiƙe, faɗin tabarma ɗaya, ƙasar ta yi baƙi. Rabonmu da ruwan sama tun Oktoba.

Na nuna wa Tobiya da ya dawo daga ofis. Ya tsaya yana kallon wurin da jaka a hannu, har na gaji na ce, "Maigida, laka ce fa, ba ka taɓa ganin laka ba?" Bai yi dariya ba. Ya fita bakin titi ya murɗe makullin ruwan, ya dawo ya ce kada in kira kowa. Na ce wa zan kira? Ya ce kowa.

Wannan littafin ragowar na shirin darasin aji huɗu ne. Tun watan Yuli ban sa masa biro ba sai yau.

Laraba, 23 ga Fabrairu, shida na safe

Bai ci tuwon jiya ba. Ni ma ban ci ba.

Alhamis, 24 ga Fabrairu, huɗu na yamma

Bari in rubuta shi sau ɗaya, ba zan sake ba.

A watan Yuli na tafi asibiti da jakar kayan jariri, na dawo da ita ko zif ɗin ba a buɗe ba. Kwana uku ban san inda kaina yake ba. Kafin in farfaɗo, Mama Alisabatu, uwar Tobiya, ta zo daga ƙauye, sun yi yadda ake yi a gidansu. Wanda bai yi kuka ba, ba a kai shi maƙabarta. A cikin gida ake kwantar da shi, kuma ba a nuna wa uwar, ba a gaya mata komai a kansa. Mama ta ce ƙafar uwa ba ta da hankali, in ta san wurin kullum tana can, tana kiransa, na bayansa kuma ba zai zauna ba. Ta sa Tobiya ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki cewa ba zai gaya mini ba.

Yana nan cikin gidan nan. Wata bakwai ke nan ina taka tsakar gidana kamar baƙuwa, ko ruwan wanke-wanke sai na kai kwatar waje nake zubarwa. Yanzu kuma fayif ya fashe a ƙarƙashin ƙasa, kuma fayif ba ya gyaruwa sai an haƙa.

Tsoro nake ji.

Juma'a, 25 ga Fabrairu, biyu na rana

Na dawo daga makaranta na tarar da Hajaratu a ƙofar gida da jarkoki biyu. Bafulatana ce, Hausarta gauraye take da Fulatanci. Fayif ɗinmu ɗaya ne da nasu. Ya shigo daga titi, ya ba famfonmu, ya wuce ta ƙarƙashin katanga ya shiga gidansu. In an rufe mana, an rufe musu.

"Malama, jam na, lafiya dai? Kowa a layi ya samu ruwa, mu kaɗai muka yi laifi?"

Na ce maigida ne ya rufe, akwai inda yake yoyo.

"To a kira mai famfo mana. Useni, don Allah, Malama, azumi muke. Dada ya tsufa, da la'asar sai na jiƙa zane na rufa masa kafin ya iya kai magariba."

Dada uwar mijinta ce, kuma ɗakinta ne ke jingine da katangar nan ta wancan gefen. Me zan ce wa mace mai azumi a wannan zafin? Na buɗe mata na awa biyu. Ban gaya wa Tobiya ba, amma da ya zagaya ya gani da idonsa, tabarma ɗaya ta zama biyu.

Lahadi, 27 ga Fabrairu, bayan sujada

Mun yi faɗa, irin faɗan da ake yi da ƙaramar murya don kada maƙwabta su ji. Gobe ofis za su tura shi garin Lau, sati biyu, aikin manoman rani. Ya ce in ya dawo shi da kansa zai gyara. Na ce kai da ko ƙusa ba ka iya bugawa a miƙe? 

Sai na tambaye shi abin da na yi alkawari ba zan tambaya ba. "A wajen katangar ne?"

"Dokas, na ɗora hannu a kan Littafi."

"Ban ce ka nuna mini ba. Ka ce mini ba nan ba ne kawai."

"In na ce ba nan ba, gobe ki tambayi wani wuri, jibi wani, har ki ƙure gidan."

Gaskiyarsa ce, abin da zan yi ke nan, shi ya sa na ƙara jin haushinsa. Ya kama hannuna ya ce, "Kada a sa diga a gidan nan sai na dawo. Ko'ina." Tafin hannunsa ya jiƙe sharkaf. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ni ma ai a ɗakin nake kwana.

Litinin, 28 ga Fabrairu, bakwai na safe

Ya tafi. Kafin ya fita ya zagaya bayan gida shi kaɗai, ni kuwa na juya baya na kalli ƙofa don kada in ga inda ya tsaya. Da ya tafi na yi ta zagin kaina.

Talata, 1 ga Maris, shida na yamma

Hajaratu da kanta ta buɗe makullin yau. Na gan ta, na yi kamar ban gani ba.

Karen gidan wata maƙwabciyarmu, Judith, ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Ina tsintar shinkafa na ji yana tono a gindin katanga, ƙafafunsa biyu cikin laka, hancinsa a ƙasa. Ban san lokacin da na jefe shi da taɓarya ba. Shinkafar duk ta watse. Na cike ramin da hannuna, idona a rufe, sannan na zauna a ƙasa. Wataƙila sanyi kawai yake nema, kare ne, zafi ake yi. Na toshe ƙarƙashin ƙofa da katako.

Alhamis, 3 ga Maris, lokacin tara, a makaranta

Wurare uku nake zargi tun da can: gindin gwaiba, bayan kicin, da gefen akurkin kaji. Yanzu katanga ta zama ta huɗu. Na zana su a bayan rajista, sai na ga wata yarinya tana leƙe, na ce taswirar gonar makaranta ce. Na ba su lissafi biyar, na manta na ba su jiya.

Juma'a, 4 ga Maris, uku na rana

Katangar ta tsage. Yatsana yana shiga.

Asabar, 5 ga Maris, azahar

Na je tasha na ba wani direban Lau takarda ya kai wa Tobiya ofishin gona. Layi uku na rubuta: katanga ta tsage, ɗakin Dada ne a bayanta, ka zo. Direban ya sa takardar cikin hularsa ya ce in an samu man fetur, gobe zai tafi. Motoci sun yi layi a gidan mai har sun sha kwana.

Na ce wa Hajaratu a daina buɗe ruwan. Ta ce to, amma mai kura ba ya shigowa layinmu saboda yashi, rijiyar masallaci kuma ta kafe. Ta dube ni ta ce, "Malama, ka rame. Akwai abin da kake ɓoye mini?" Na ce zafi ne.

Litinin, 7 ga Maris, biyar na yamma

Ba amsa daga Lau.

Na yi addu'a, amma ban san abin da zan roƙa ba. In ce Ubangiji ya tsayar da ruwa? Tsohuwa tana azumi. In ce ya riƙe katanga? Da laka aka yi ta.

Talata, 8 ga Maris, huɗu da rabi na yamma

Wani ɓangare na katangar ya zube ta ciki, a kan tabarmar Dada. Allah ya sa ta fita alwala. Na shiga na gani, tubali uku a daidai inda take sa kanta, butarta ta lotse. Tsohuwar tana zaune a tsakar gida tana jan carbi, sai ta matsa mini in zauna.

Da yamma mijin Hajaratu, Malam Jamilu, ya yi sallama ya tsaya daga waje. Mutum ne mai kunya, tun da muke bai taɓa ɗaga ido ya kalle ni ba. Ya ce, "Malama, mun san maigida ba ya nan, ba mu so mu yi abu a bayansa. Amma rai ya shiga ciki. Gobe zan kawo mai gyara, in kin yarda."

Gaba kura, baya sayaki. Na ce na yarda. Na ji kalmar ta fita daga bakina kamar wata ce ta faɗa.

Tobiya, ka yafe mini. Ko kuma ni in yafe maka, ban san wanne ba.

Laraba, 9 ga Maris, shida na yamma

Mai gyaran ya zo. Sunansa Baba Nehemiya, daga unguwar Mayo Gwoi, gajere, gashinsa fari fat, kayan aikinsa a cikin buhun taki a bayan keke. Shi kaɗai yake aiki. Ya ƙi shan shayi, ya sha ruwa kofi biyu, ya ce ruwan randata yana ɗanɗanon gida mai tsabta. A wata rana da na ji daɗi.

Ya sa aka buɗe makullin don ragowar ruwan da ke cikin layi ya motsa, ya zaro wani dogon rodi ya soka a ƙasa, ya ɗora kunne a kansa.  Sau huɗu ya soka, kowanne sai na ji shi a haƙarƙarina.

"Madam, inda ruwa ya fito ba nan ne ya fashe ba. Ruwa yana bin jikin fayif, yana gangara, sai ya samu katanga ya tsaya. Za mu fara daga nan, mu bi shi baya baya har mu kama ɓarawo."

Na ce ba za a iya jan sabo ta sama ba, a bar tsohon? Ya ce daga titi zuwa nan dole dai a haƙa sabuwar hanya, kuma tsawonta ya ninka. Ya tambayi ta ina fayif ɗin ya bi. Na ce kai tsaye, daga ƙofa zuwa famfo, daga famfo zuwa katanga, haka kowa ya sani. Ya ce, "Haka kowa yake cewa."

Alhamis, 10 ga Maris, sha ɗaya na safe

Na aika makaranta cewa ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya na yi ba.

Ya fara. Ina ɗaki, na rufe taga, na kunna rediyo, duk da haka ina jin digar. Ina ƙirgawa. In ya tsaya, numfashina ya tsaya, in jira ya kira ni da wata irin murya. Sai in ji ya tofar da yawu ya ci gaba.

Alhamis, biyar na yamma

Taku shida ya haƙa. Fayif fari na roba, lafiyarsa lau. Ba komai a gindin katanga sai laka da fasasshen kwalba. Na shiga bayi na yi amai, sannan na ci abinci kwano biyu kamar mahaukaciya.

Juma'a, 11 ga Maris, biyu na rana

Ruwa ya zo, ya sa aka buɗe ya tsaya yana kallon ramin. Ruwan yana silalowa ta ƙarƙashin fayif daga sama. Ya bi shi taku huɗu, sai ya kira ni.

"Madam, zo ka ga kai tsayenku."

Fayif ɗin bai nufi famfo ba sam. Ya karkata hagu. Baba ya ce akwai dutse a tsakiyar gidan, leburorin da suka ja layin ba su so wahalar fasa shi ba, sai suka zagaya ta bayan ɗaki suka rufe abinsu, famfonmu reshe kawai aka yi masa. Ya miƙa hannu ya nuna inda layin ya dosa. Lungun bayan ɗakin kwananmu, ƙarƙashin taga, inda ragowar bulo suke a jere.

Bulon nan da a bakin ƙofa suke. Cikin damina Tobiya ya kwashe su ya mayar can, ina kwance ban warke ba, ina jinsa yana nishi. Na ɗauka gyaran gida yake yi saboda masu zuwa gaisuwa.

Ban taɓa sa lungun nan cikin lissafina ba.

Asabar, 12 ga Maris, tara na safe

Ya zo da sassafe, ya tofa yawu a hannu, ya ɗaga digar. Saura taku biyar ya kai bulo. Na fito da zane ɗaya a ƙirji na riƙe ƙotar digar. Ya dube ni.

Na ce, "Baba, akwai mutum a gidan nan."

Bai gane ba, sai da na ƙara. "Ƙarami. Tun Yuli. Ba a nuna mini wurin ba."

Ya sauke digar a hankali, ya jingina ta da bango, ya cire hularsa.  Sannan ya ce, "Me ya sa ba ka faɗa mini tun Laraba ba, 'yata? Kwana uku kana jin wannan ƙarfe." Tun daga nan bai sake ce mini Madam ba.

Ya ce in ba shi fartanya da tsohon kwanon sha. Ya ce aikin wuni ɗaya zai zama na kwana uku, kuma gobe Lahadi, jibi maƙwabta suna salla, ba zai yi tono a kunnensu ba. Yau taku biyu ya yi, yana kankare ƙasa da fartanya yana kwashewa da kwano, yana murza kowane dunƙule da yatsa kafin ya zubar. Na zauna a kan turmi ina kallonsa. Ya ce in shiga ciki, na ƙi.

Lahadi, 13 ga Maris, azahar

Ban je sujada ba. Na kwashe katifa na mayar falo. Na dawo da ita.

Litinin, 14 ga Maris, uku na rana

Hajaratu ta kawo abincin salla da kanta, shinkafa da kaza, da ruwan da ta saya daga nesa ta dafa. Ta ga ramin, ta ga fartanya da kwano, ta ga fuskata. Ita ma ta binne biyu, amma nata suna maƙabarta, mijinta ya san wurin. Na gaya mata. Ta ajiye kwanon ta riƙe ni, muka yi ta kuka da sabbin kayanta.

Da ta tashi tafiya ta ce, "Da na sani, wallahi ko kwana arba'in ne ba zan taɓa makullin nan ba."

Abin da ke cina ke nan, kuma ita ta fara furta shi. Duk Talata, duk Juma'a, ko dai da hannuna na buɗe, ko na kau da kai aka buɗe. In can ne ya fashe, sati uku ke nan ruwa yana kwarara a kansa.

Tobiya bai zo ba. Yau ya cika sati biyu.

Talata, 15 ga Maris, shida na yamma

Zan rubuta shi duka.

Baba ya sauke bulon ɗaya bayan ɗaya, ya jera su gefe. Ya ajiye fartanya ma, ya koma tono da kwano da yatsu. Wajen ƙarfe goma ya ce, "Ga shi." Na ce wa? Ya ce, "Fayif, 'yata, fayif. Zo."

Na leƙa. An naɗe fayif ɗin da baƙar roba, irin ta cikin tayar keke, tsawon tafin hannu biyu, ɗauri kan ɗauri. Robar ta ruɓe ta saki. Ya warware ta, sai ga tsaga, bakinta kamar an sara.

"Wannan ba tsufa ba ne. Bakin diga ne. Wani ya yi tono a nan, bai san akwai fayif ba, ya sare shi. Ya ɗaure da abin da ya samu." Ya ɗaga robar yana juyawa. "Ba mai famfo ba ne. Amma ya ɗaure da dukan ƙarfinsa, wata bakwai ya riƙe."

Ba sai an gaya mini ba. Bangon ramin ta gefen taga launinsa daban, ƙasar ba ta daddale kamar sauran ba. Baba bai taɓa wurin ba, ya ɗauko guntun kwanon rufi zai kare. Na ce, "Ruwan ya shiga?"

"Bai shiga ba. Tsagar tana ta ƙasa, ta wancan gefen, ruwa kuma gangare yake bi. Wanda ya yi aikin nan, da ya sari fayif sai ya matsa sama." Na ce ƙarya yake yi don in yi shiru. Ya ce, "Ni dattijon ikilisiya ne. Sauko ka taɓa."

Na san abin da Mama ta ce. Na ji muryarta a kunnena sarai. Na tattare zanena na sauka cikin ramin, na ɗora tafin hannuna a jikin ƙasar.

A bushe take. Da ɗumi ma, na rana.

A haka Tobiya ya same ni. Jiya da yamma takardata ta isa hannunsa, ya biyo motar doya. Ya tsaya a bakin ramin da jakarsa, ya dubi bulon, ya dubi robar a hannun Baba, ya dube ni. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya zauna a kan tulin ƙasa da kayan ofis.

Ya ce ana ruwan sama ranar, magariba ta kawo kai, Mama tana riƙe da lema. Ya zaɓi lungun ne don ya tabbata fayif yana can tsakar gida. Da digar ta sari abu ya ɗauka hannunsa ne zai karye. Ba ranar kawo ruwan famfo ba ce, sai ya farke tayar kekensa ya ɗaure. Bai iya kiran mai gyara ba, don sai ya nuna wurin. "Kullum Talata da Juma'a nakan zagaya in duba. Kowa na murna an kawo ruwa, ni kuwa gabana na faɗuwa."

Na ce, "Ba kai ka nuna mini ba, rantsuwarka tana nan. Amma abu ɗaya za ka gaya mini. Namiji ne ko mace?"

Ya rufe fuska da hannu. "Mace."

Baba ya juya mana baya yana goge zartonsa, ya daɗe yana gogewa.

Laraba, 16 ga Maris, bakwai na safe

Taku uku ne daga inda nake sa kaina. Na auna.

Alhamis, 17 ga Maris, biyar na yamma

Baba ya yanke fayif ɗin daga nesa ta gefe biyu, ya bar tsohon guntun a inda yake don kada a motsa ƙasar. Ya haƙa sabuwar hanya ta zagaye, ya sa elbo huɗu, wato gwiwoyin haɗa fayif a kwana, ya shafa gam. Ya ce ruwa ba ya son kwana da yawa, zai ɗan rage ƙarfi. Hajaratu ta leƙo ta inda katanga ta zube ta ce ko ɗigo ɗigo ne ta gode. Tobiya ne ya cike ramin, ya hana kowa taɓa shebur. Na ɗebo duwatsu daga waje na kewaye wurin. Ya gani, bai hana ni ba.

Ya aika wa Mama. Ya ce gara ta ji daga bakinmu.

Juma'a, 18 ga Maris, azahar

Ruwa ya zo. Gindin katanga ya fara fari. Malam Jamilu ya kawo magina.

Mama za ta zo jibi. Na fi tsoronta a kan digar.

Lahadi, 20 ga Maris, biyar da rabi na yamma

Ta iso bayan sujada, da ƙunshin daddawa a kai kamar kullum. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice, ko ruwa ba ta sha ba ta zagaya baya. Na bi ta. Tobiya ya maƙale a falo, jarumin.

Ta tsaya a kan duwatsun tana kallo.

"Wa ya nuna miki?"

"Ruwa ne, Mama."

"Kin taɓa?"

"Na taɓa."

Na sunkuyar da kai ina jiran ta ce na rufe wa kaina ƙofa. Na shirya amsa tun jiya, duk ta gudu. Can na ɗago. Ba ni take kallo ba.

"Nawa biyu ne, kafin Tobiya," ta ce. "Gidan ma ya rushe, an mayar da shi gonar gyaɗa. In na wuce ta wurin ban san inda zan sa idona ba. Shekara arba'in."

Na matsa kusa da ita, ta ci gaba da magana.

"Kada ki ɗauka na daina jin tsoro. Abin da aka gaya mini shi na gaya muku, kuma ban san wanda ya karya ya ga yadda ta ƙare ba. Ke ce ta fari." Ta gyara wani dutse da ƙafarta, ya koma layi. "Ni na yi mata wanka. Gashi cike da kai, irin naki. Yatsun kuma na gidanmu ne, dogaye."

Na ce, "Mama, da me kuka naɗe ta?"

"Da ɗankwalina na zumuntar matan coci, sabo. Kawo kujera biyu, ƙafata tana ciwo. Ki tambaya duka yau, don gobe wataƙila in ƙi."

Na kawo kujerun. Har yanzu tana can, na shigo ne kawai in rubuta gashin da yatsun kafin in koma.